A Tambayi Ƙafa Kafin A Sayi Kambas

Na san wasu za su yi mamaki idan suka ga an ba maganar takalmi fili a nan, alhali ga batutuwan harshe da adabi da al'ada jibge suna jiran mai taɓa su. To a yi mini uzuri. Duk wanda ya taɓa tashi da asuba ya sauko da ƙafarsa daga kan gado ya ji kamar ya taka ƙusa, har sai da ya dafa bango ya ɗingisa zuwa wurin alwala, ba zai ce maganar takalmi ƙaramar magana ba ce. Ni na yi wata huɗu cur a cikin wannan hali, kuma da kuɗina na sayo wa kaina shi.

Ga yadda abin ya faru. Tun da aka fara gudun fanfalaki na birnin Legas a shekarar 2016, wanda aka taso daga babban filin wasa na Surulere aka bi ta kan doguwar gadar nan ta uku, sha'awar gudu ta shiga matasan garin nan sosai. Duk ranar Asabar da sassafe za ka ga samari da 'yan mata, har da iyayenmu malamai, suna ta sassarfa a cikin makaranta. Ni ma ina aji biyu abokai suka ja ni, muka ƙudurta za mu fara da gudun kilomita 10, tun da cikakken mai kilomita 42 da 'yan kai ba na yara ba ne. Sai na ɗebi kuɗin abincina na kusan mako biyu na nufi kasuwar gwanjo. Can na hango wani kambas ja mai ratsin fari, da tambarin wani babban kamfani a gefensa, an wanke shi tas an cusa masa takarda ya miƙe kamar sabo. Da na zura ƙafa sai na ji babban yatsana yana taɓa gaba. Na faɗa wa mai kayan, sai ya ce, "Haba ɗan makaranta, ai irin wannan buɗewa yake yi. Kuma shi ne wanda 'yan Kenya suke sawa." Ban ko taka ƙasa da shi ba na biya, domin idona ya riga ya saye shi tun daga nesa.

Mako uku na yi ina gudu da shi a kan kwalta kusan kullum. Farcen babban yatsana ya yi baƙi, na ce alamar ƙwazo ce. Daga nan dunduniyar hagu ta fara. Na sha man zafi, na jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri, wani mai ɗori ya ce targaɗe ne ya murza ni har na yi ƙwalla, duk a banza. Sai da na je asibiti aka tura ni wurin wata likitar gashin ƙashi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, bayan ta duba ƙafar sai ta ce in kawo mata takalmin. Ta ɗora shi a kan tebur, muka tsuguna muna kallonsa ta baya, sai ga shi ya karkace gefe guda kamar tsohuwar motar da ta sha lodi. Ta danna sosonsa da yatsa, ya ƙi dawowa. Ta ce, "Malam, ai wannan takalmin wani ya riga ya cinye shi. Tafiyar wancan mutumin kake ta yi da taka ƙafar." Ta bayyana mini cewa akwai wata faffaɗar jijiya mai kauri da ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu, ita ce ke riƙe da kwarmin tafin ƙafa kamar tsirkiyar baka. Ita ce na wahalar da yawan gudu farat ɗaya da kuma mataccen takalmi, shi ya sa takun farko na safe yake zama azaba, idan jiki ya ɗumama kuma ya ɗan lafa.

Tun daga lokacin na shiga karance-karance a kan wannan al'amari, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne, mai matsalar ƙafa bai kamata ya bar ido ko sunan kamfani ko bakin mai sayarwa su zaɓa masa takalmin gudu ba. Ƙafar ce za a tambaya, sannan a tambayi likita idan matsalar ta wuce ta yau da kullum.

Mu tuna cewa kowace ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga jijiyoyi da tsokoki sama da 100. Idan mutum yana gudu, duk taku ɗaya ƙafarsa tana karɓar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Wato mai kilo 70 yana sauke wa ƙafa ɗaya abin da ya haura kilo 140, kuma zai maimaita haka sau dubbai kafin ya gama kilomita 10. Ɗan matsin da ba ka damu da shi ba a lokacin da kake tafiya zuwa ɗakin lacca, shi ne zai zama bororo ko baƙin farce idan aka ninka shi sau dubu takwas.

Shekara da shekaru kamfanonin takalma suna koya wa mutane wata dabara mai daɗin ji. Wai ka jiƙa ƙafarka ka taka takarda ka dubi sawun. Idan sawun ya fito gaba ɗaya, to kai mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ne, sai ka sayi takalmi mai tauri ta gefen ciki wanda zai hana ƙafar kwantawa. Idan tsakiyar sawun ta ɓace, kwarminka mai zurfi ne, sai ka sayi mai laushi. Har yau ana yaɗa wannan a intanet kamar karatun da ba shi da gyara. Amma rundunar sojan Amurka ta gwada dabarar a kan dubban kuratan soja, na ƙasa da na sama da na kundumbala, aka buga sakamakon a shekarun 2009 da 2010. An raba su gida biyu, wasu aka ba su takalmi bisa siffar sawunsu, wasu kuma aka ba su iri ɗaya ba tare da an duba sawun kowa ba. Da aka gama horo aka ƙirga waɗanda suka ji ciwo, sai aka ga babu wani bambancin kirki a tsakani. Haka kuma a ƙasar Denmak an bi sababbin 'yan gudu 927 har shekara guda, dukkansu da takalmi na gama-gari, aka buga sakamakon a 2014, kuma masu ƙafar da ke kwantawa ciki daidai misali ba su fi sauran jin ciwo ba.

Don kada a ce na ɓoye wani ɓangare, akwai wani gwajin da aka yi a Lukzambur aka buga a 2016, wanda ya nuna takalmi mai tokare gefen ciki ya rage wa masu ƙafar da ke kwantawa ciki yawan rauni. Saboda haka ban ce irin wannan takalmi ba shi da amfani ba. Abin da nake cewa shi ne, shimfiɗaɗɗiyar ƙafa da ba ta ciwo ba cuta ba ce, kuma sawun da ke kan takarda ba zai gaya maka abin da ƙafarka take yi a lokacin gudu ba. Da yawa daga cikinmu haka Allah ya halicci ƙafafunmu, muna buga ƙwallo da su tun muna yara lafiya lau. Wani shehin malami a Jami'ar Kalgari ta ƙasar Kanada mai suna Benno Nigg, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a nazarin takalman gudu, ya rubuta tare da abokan aikinsa a 2015 cewa abin da ya fi dacewa a bi shi ne takalmin da mai shi ya fi jin daɗinsa a ƙafa, wanda ya bar ƙafar ta bi hanyar da ta saba bi. Da na karanta sai na yi dariya, na ce ashe bayan duk na'urorin nan an dawo kan maganar Bahaushe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abokina da muke yawan musu ya ce duk wannan surutu ne na 'yan boko. Ya ce fatake sun riƙa takawa daga Kano har Gwanja sayen goro, wane kambas suka sa? Ya kuma kawo misalin Abebe Bikila na ƙasar Habasha wanda ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Gaskiyarsa, haka aka yi. Sai dai ya manta cewa Bikilan nan da ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964 da takalmi ya yi gudun, kuma ya fi na farko sauri da kimanin minti uku. Su kuwa fatake tafiya suke yi a kan ƙasa da rairayi, ana yada zango ana hutawa, da ƙafar da ta saba da hakan tun ƙuruciya. Mu kuwa gudu muke yi a kan kwalta da kankare, ga fasassun kwalabe da ƙusoshi a bakin kwata. Turawa ma sun taɓa yayin komawa gudu da takalmi maras soso wajen shekarar 2010, har kamfanin Vibram ya yi tallar wani mai yatsu biyar kamar safar hannu da cewa yana ƙarfafa ƙafa yana rage rauni. Masu saye suka kai ƙara a Amurka, a 2014 kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 3.75 kuma ya daina wannan iƙirari. Mai lafiyayyar ƙafa zai iya gwada irin wannan a hankali. Wanda dunduniyarsa ko agararsa take ciwo, ban ga dalilin da zai kai kansa ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu burin irin takalmin da Eliud Kipchoge na Kenya ya sa a birnin Biyana ranar 12 ga Oktoba 2019, lokacin da ya gama fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Irin waɗannan suna da soso mai tsawo da wani faranti mai tauri a ciki wanda ke taimaka wa ɗan tsere ya rage ƙarfin da yake kashewa, har sai da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. An yi su ne domin tsere, yawancinsu matsattsu ne, ga tsada, ga saurin mutuwa, kuma mai raunin idon sawu zai ji kamar yana tafiya a kan katifa. Waɗanda ake zubawa a bakin titi da irin wannan siffa kuwa, galibi jabu ne, siffar kawai aka kwaikwaya.

To mai matsala me zai duba? Ya danganta da inda ke ciwo. Mai irin ciwona yana son takalmin da bayansa ke da ƙarfi ya riƙe dunduniya cas, da soso mai rai a ƙarƙashinta, kuma idan ka lanƙwasa shi ya lanƙwashe a gindin yatsu kaɗai. Wanda za ka iya naɗe shi ko ka murɗe shi kamar tsumma, ajiye shi. Mai ciwon agara, wato jijiyar nan ta bayan idon sawu, yakan sami sauƙi idan dunduniyar takalmin ta ɗara gabansa tudu da kamar milimita 8 zuwa 12, domin hakan yana rage jan jijiyar. Wanda gaɓar babban yatsansa ta sandare, ƙasa mai ɗan tauri wanda gabansa ya ɗaga sama kamar goshin kwalekwale ya fi masa, don ƙafar ta mirgina ba sai yatsan ya lanƙwashe ba.

Amma matsalar da na fi gani a tsakaninmu ita ce ta faɗi. Yawancinmu da silifas muka tashi ko ma ba takalmi, saboda haka gaban ƙafarmu a baje yake, yatsu a warwatse, alhali takalman da ake kawowa an ɗinka yawancinsu ne a kan ma'aunin ƙafar da ta girma a cikin sau-ciki. Sai ka ga tsawon ya yi daidai amma gefe yana cizo. Wanda gindin babban yatsansa ya turo waje ya yi ƙullutu, ko mai jin zafi da tsirawa kamar ya taka tsakuwa a tsakanin yatsa na uku da na huɗu, matsattsen gaba shi ne babban abokin gabarsa. Mutane da yawa ba su san cewa takalmi yana da lambar faɗi ba bayan ta tsawo. A na maza harafin D shi ne matsakaici, 2E mai faɗi, 4E mai faɗi ƙwarai, a na mata kuma B ne matsakaici. Ka ɗaga harshen takalmin za ka ga an rubuta. A nan ne kuma za ka ga tsawonsa da santimita, wanda ya fi abin dogaro a kan lambobin Ingila da Amurka da Turai da ke rikita mutane, domin lamba 42 ta wannan kamfani ba lallai ta zo ɗaya da 42 ta wancan ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Ina da kawu a Agege, ɗan kasuwa, ya fi shekara goma yana fama da ciwon suga. Likita ya ce ya riƙa fita tattaki da ɗan sassarfa da safe, shawara mai kyau. Sai aka sayo masa kambas daga kasuwa ba tare da shi ba, an dai tambaye shi lambarsa ta waya. Ashe akwai wani ɗinki mai kaushi a ciki daidai ƙaramin yatsa. Ni da ku da mun ji shi tun a takun farko mun cire. Shi kuwa ciwon ya riga ya kashe masa jijiyoyin ji na ƙafa, bai ji komai ba. Kwana da kwanaki yana fita, sai da matarsa ta ga jini a safa lokacin wanki. Kafin a ankara wurin ya zama gyambo, aka yi wata uku ana wanki da ɗauri, daga ƙarshe dai sai da aka cire yatsan. Da na je gaishe shi na ce, "Kawu, yaya ba ka faɗa ba tun da wuri?" Sai ya ce, "Ɗan nan, me zan faɗa? Wallahi ko cizon sauro ban ji ba."

A nan ne ƙa'idar jin daɗi take tsayawa, domin ƙafar da ba ta ji ba za ta ba da labari ba. Wani nazari da aka buga a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su sami gyambon ƙafa a rayuwarsu. Ku dubi yawan iyayenmu da ke ɗauke da wannan ciwo ku yi lissafi. Irin waɗannan bayin Allah sai likita ya duba ƙafarsu kafin su fara gudu, kuma mai buɗaɗɗen ciwo ba ya gudu sam. Takalminsu ya ɗara ƙafar tsawo da santimita 1 zuwa 2, ya kasance mai faɗi da zurfi, ba ɗinki mai kaushi a ciki. Kullum kafin a sa a zura hannu a lalube cikinsa ko tsakuwa ta faɗa, bayan an dawo kuma a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, da madubi ko a sa wani ya duba. Farar safa ta fi, domin ita ce za ta tona asirin jini. Mu ɗalibai da ake aika mu sayayya, don Allah kada mu sake sayo wa mai ciwon suga takalmi ba tare da ƙafarsa tana wurin ba, kuma kada mu sayo masa gwanjo ko da kyauta ne.

Sauran mu fa, mu bar gwanjo ke nan? Zan yi ƙarya idan na ce haka, domin na san aljihun ɗalibi, kuma sabon kambas na ainihi ya fi ƙarfin yawancinmu. Sai dai a sani cewa soson takalmin gudu yana da iyakar kwana, masana sukan ce tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma ba wanda zai gaya maka nawa mai shi na farko ya ci. Wani nau'in soson ma ko ba a taka shi ba, zafi da laimar Legas suna ruɓar da shi, shi ya sa za ka ga takalmi ya marmashe a ƙafar mutum yana tsakiyar tafiya. Don haka ka yi abin da likitar nan ta yi mini. Ɗora shi a kan wuri mai daidai ka dube shi ta baya, idan ya karkace ka bar shi. Juya ƙasansa ka ga ko gefe ɗaya ya cinye. Dubi gefen soson, idan ya yi tamoji kamar fuskar tsoho ya gama aiki. Zaro shimfiɗar ciki ka ɗora ƙafarka a kai kana tsaye, idan yatsunka sun zubo ta gefe to ba naka ba ne. Idan ka saya ka wanke shi ka shanya ya bushe sarai, ka canza shimfiɗar, domin cutar fatar nan mai sa ƙaiƙayi da saɓa a tsakanin yatsu tana iya zama a ciki.

Ko sabo ne ko gwanjo, da yamma ake gwajin takalmi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, kamar yadda za ta kumbura a wurin gudu. Ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Ka gwada duka biyun, tun da kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗara ɗaya, kuma babbar ake bi. Ka miƙe tsaye ka tabbata akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da gaban takalmin. Ka ɗaure igiya ka ɗan yi sassarfa a gaban rumfar, ko da za a yi maka dariya. Idan mai kaya ya ce zai buɗe, ka gode masa ka wuce, domin shumeka yana iya buɗe takalmin fata, amma kambas ɗin gudu ba ya ƙara tsawo.

Ba zan ɗora wa takalmi laifin duka ba. Likitar ta gaya mini ƙarara cewa ko da sabo fil na saya, wanda bai taɓa gudu ba ya tashi rana ɗaya ya riƙa cin kilomita 6 ko 7 kullum a kan kwalta, dole wani wuri ya yi ƙara. Abin da ya warkar da ni shi ne rage gudun, da miƙar da sha-raɓa a jikin bango safe da yamma, da murza tafin ƙafa a kan kwalbar ruwa mai sanyi, da daina yawo a kan siminti ba takalmi. Wanda kuma ciwonsa ya wuce makonni bai lafa ba, ko ya ga kumburi, ko zafin ya tsaya a kan ƙashi wuri ɗaya yana ƙaruwa da kowane taku, to ya bar kasuwa ya nufi asibiti, domin yana iya zama ƙashi ne ya tsage. Muna da asibitocin ƙashi na tarayya irin su Igbobi a nan Legas da Dala a Kano da na Inugu, ga kuma sassan gashin ƙashi a asibitocin koyarwa.

Gudun kilomita 10 na waccan shekara dai a gefen titi na kalle shi, ina tafa wa abokaina. Kambas ɗin da nake sawa yanzu ruwan toka ne, mummuna, mai faɗin baki kamar kwaɗo, kuma sai da na gwada guda bakwai a rumfuna uku kafin na same shi, har wani mai kaya ya ce ko auren takalmin zan yi. Jan nan mai ratsin fari yana nan ƙarƙashin gadona. Wani ɗan ɗakinmu ya roƙe ni in ba shi har sau biyu, na hana.